Laima Ta Goma Sha Huɗu

Da ƙarfe shida da rabi na safe Laima Ta Goma Sha Huɗu ta fara buɗewa a kan kasuwar kayan miya ta birnin Kwazari. Fukafukanta takwas, kowanne ya kai rabin filin ƙwallo, suka rabu da doguwar sandar ƙarfen da ke riƙe da su, suka karkata gabas suka tare rana. A jikin kowane fiffike akwai 'yan na'urori da ake kira majiya. Su ke jin zafi da iska, su sanar da injin da ke gindin sandar, shi kuma ya tambayi ɗakin kula na Hukumar Inuwa, a ba shi umarni, ya riƙa juya laimar tana bin rana har magariba. Irinta sittin ne a birnin. Tun da zafin bazara ya fara haura digiri hamsin, ba mai iya minti ashirin a fili da tsakar rana, don haka rayuwar Kwazari duk a ƙarƙashinsu take.

Injiniya Lurwanu Ɗantsoho ne ya zana su shekara ashirin da biyu da suka wuce, kuma bai taɓa barin kowa ya manta ba.

A wannan shekarar hukuma ta yanke shawarar mayar da kula da laimomin zuwa gajimare, wato wasu manyan kwamfutoci a wata ƙasa mai nisa, waɗanda ba wanda ya taɓa gani a Kwazari. Aka ce kowane ma'aikaci, daga darakta har masu shafa giris, sai ya yi kwas na mako guda kan na'urori masu magana da juna. Lurwanu ya rubuta takarda sau biyu yana neman a cire sunansa. Duka biyun na'ura ce ta ba shi amsa, da kalmomi iri ɗaya.

Ranar Litinin ya shiga ajin a makare, ya zauna a baya, ya bar kujera biyu tsakaninsa da kowa. Yawancin ɗaliban masu hawa sanda ne, mutanen da ke goge fukafukai suna shafa wa ƙarafa mai. Ya dubi takalmansu, ya ciro hankici ya kai hanci.

Mai koyarwar, Malama Sahura, ta bi layi tana ajiye wa kowa ɗan ƙwan fitila a gabansa.

"Yau abu ɗaya za mu yi," in ji ta. "Kowa zai buɗe akawun na kyauta a gajimare, ya haɗa wannan ƙwan da shi, ya kunna ya kashe daga wayarsa. Za a tambayi suna da lambar aiki, a ɗauki hoton fuska, a ɗauki zanen yatsa. Daga nan shafin sharuɗɗa zai fito. Don Allah kada kowa ya tsallake shi, musamman wajen da ya yi maganar..."

"Malama," Lurwanu ya katse ta daga baya, "shekarunki nawa lokacin da aka kafa laima ta farko?"

"Bakwai, ranka ya daɗe."

"To, ci gaba."

Ta ci gaba. A layin gaba wani dattijo mai suna Baba Kallamu, wanda ya fi kowa daɗewa a hawan sanda, yana ta danna babban yatsansa a kan gilashin waya, ita kuwa tana ƙi. Shekara ashirin na riƙon wayar ƙarfe sun shafe zanen yatsan. Ya goge shi a riga, ya hura masa iska, ya sake dannawa.

"Ita ma na'ura ta san wanda ya kamata ta saurara," in ji Lurwanu, yadda kowa zai ji. Ba wanda ya juyo.

Cikin minti uku ya gama nasa. Shafin sharuɗɗa ya fito, ya ture shi da yatsa ɗaya. Wata murya mai laushi ta fito daga wayar ta ce, "Barka da zuwa, sabon ɗalibi. Shigar da lambar na'urarka ta farko."

Kalmar nan ta sabon ɗalibi ce ta tsaya masa a wuya. Ya dubi ƙwan fitilar kamar an ajiye masa abin wasan yara, sannan ya dubi taga. Daga nan ana hango Laima Ta Goma Sha Huɗu. Kowace laima tana da lambar asali da aka ba ta ranar da aka ƙera ta, wadda ke gaba da duk wani izini na hukuma, kuma duka sittin ɗin suna cikin kansa. Ya shigar da ta goma sha huɗu.

"Wannan na'ura tana ƙarƙashin wani," in ji muryar. "A ɗauke ta daga hannunsa?"

Ya danna amincewa.

"Ku zo taga," ya ce wa ajin, "ku ga abin da ake nufi da na'ura."

Ya ja yatsa a kan waya. Can nesa wani fiffike ya rusuna, ya sake ɗagowa. Wasu suka yi salati. Sahura ta dubi allonta, ta dubi laimar, fuskarta ta canza.

"Ranka ya daɗe, ka mayar da ita yanzu. Ta fita daga ɗakin kula gaba ɗaya. Akawun kyauta yana da iyaka, saƙo..."

"Iyaka ta irinku ce. Ni na rubuta ƙwaƙwalwar injin nan." Ya sa wayar a aljihu. "Zan mayar idan na sha shayi."

Ya hau ofishinsa a bene na tara, ya umarci ƙofa kada ta buɗe wa kowa. Sahura ta bi shi, ta tsaya a waje tana aika saƙo bayan saƙo. Yana ganin sunanta yana fitowa, yana kurɓar shayinsa.

Abin da shafin sharuɗɗan ya ce gajere ne. Akawun kyauta yana ɗaukar saƙo ɗari biyar a rana. Ƙwan fitila ba zai ci ashirin ba ko an wuni ana wasa da shi. Injin laima kuwa duk sakan goma yake tambayar inda zai juya, kuma an gina shi ne ya tsaya cak, ya kulle birki, idan bai sami amsa ba. Da ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin da biyar saƙo na ɗari biyar ya wuce. Laimar ta tsaya tana kallon gabas, rana kuwa ta ci gaba da tafiyarta.

Hayaniyar kasuwa ce ta fito da shi. Ya tarar da Sahura a bakin ƙofa, ta nuna masa taga. Inuwar da ke rufe mutum dubu huɗu tana tsukewa, jama'a suna matsuwa cikin abin da ya rage.

Ya ciro waya ya danna umarnin juyawa.

"Saƙonninka na yau sun ƙare," in ji muryar. "Za a sabunta su gobe da ƙarfe shida na safe."

Ya danna umarnin sakin na'ura. Shi ma saƙo ne. Ya nemi a ɗaga akawun ɗin zuwa babba.

"Ana buɗe babban akawun ga wanda ya kammala darasi na biyar."

"Ni ne Injiniya Lurwanu Ɗantsoho. Ni na zana abin nan."

"Mun gode, sabon ɗalibi. Akwai wani taimako?"

Sahura ta riga ta kira kamfanin gajimaren, an sa ta a layi, ita ce ta ɗari da sha biyu. Suka sauka tare. A ƙofar hukuma suka tarar da Baba Kallamu da mutanensa goma sha ɗaya, suna ɗaura igiya a kafaɗa, suna naɗe tafin hannu da tsumma.

"Yallaɓai," in ji Baba Kallamu, "da can akwai sitiyarin hannu a gindin kowace sanda. Mutum biyu sun isa su juya ta."

Lurwanu ne ya sa aka cire su shekara tara da suka wuce, ya rubuta a rahoto cewa hannun lebura shi ne babban haɗari ga inji.

"To, za mu fasa birkin," in ji dattijon. "Na faɗa maka ne don kada a ce ba a faɗa ba."

Suka hau. Ƙarfen ya yi zafin da tsumman ke hayaƙi. Sun ɗauki fiye da awa guda suna dukan birkin da guduma kafin ya saki, sannan suka zuro igiyoyi ƙasa. Mahauta da 'yan dako da matan da ke sayar da tumatir suka kama, aka riƙa ja ana hutawa, fukafukan suna motsi taku ɗaya taku ɗaya. Sai wajen ƙarfe biyu inuwa ta dawo kan kasuwar.

Kafin nan mutane da yawa sun yanke shawarar gudu zuwa laima ta gaba, tazarar mita ɗari uku a fili. Matasa sun kai. Iya Kande, wata tsohuwa mai sayar da daddawa, ta faɗi a tsakiyar hanya da kwandonta a ka. 'Yarta Asabe ta ja ta har inuwa, amma ta cika kafin motar asibiti ta iso. Mutum talatin da ɗaya aka kwantar. Baba Kallamu ya sauko fatar tafinsa ta biyo tsumma.

Washegari da ƙarfe shida wayar Lurwanu ta yi ƙara. Gajimare ne ke taya shi murna: ya kammala darasi na farko, kuma na'urarsa ta fi ta kowa aiki a ajin.

Kwamitin bincike ya zauna mako uku a ɗaki mai sanyi. Ya gano cewa laifin na tsarin da ya bar lambar asali a kan ɗan Adam ne, don haka aka soke lambobin, aka miƙa laimomi sittin ga gajimare ba tare da an koma kan kwas ɗin ba. Baba Kallamu ya sami takardar gargaɗi saboda lalata birkin hukuma. Sahura aka ce ba ta iya riƙe aji ba, aka mayar da ita sashen adana takardu. Lurwanu ya yi ritaya, aka yi masa walima, aka naɗa shi mai ba da shawara.

A kasuwa kuwa wani abu ya fara tsirowa. Asabe, wadda ta gaji wajen uwarta, ta kafa sanduna huɗu ta ɗaura zana a kai, a ƙarƙashin babbar laimar. Maƙwabtanta suka bi. Wani jami'i ya zo da takarda ya ce a cire, an gyara laima, yanzu ba ta da matsala.

"Mun gani, Malam," in ji Asabe, tana ƙulla daddawa a leda ba ta ɗago ba. "Ta yi aikinta can sama. Daddawar nawa za a ba ka?"

Da damina ta wuce hukuma ta sanar da sabon shiri, bisa shawarar Injiniya Lurwanu: laima ɗaya tak da za ta rufe birnin Kwazari duka, tsayinta mita ɗari huɗu, ba tsani, ba matakala, ba inda hannun mutum zai kai. Aka nuna hotonta a kowane allo na gari, jami'ai suka yi tafi.

A makon nan igiyar ɗaura zana ta ƙare a kasuwa.