Idon Madugu Dawuda

"Nan Bature ya ce a kafa tanti, kuma nan za a kafa!"

"To kafa mana! In dorina ta bi ta kansa sai ka ba ta haƙuri da Jamusanci."

Maganar farko ke nan da ta haɗa ni da Bobbo, tafintan Bajamushen da ya ɗauki mahaifina ja-gora daga Garwa zuwa Tinyer. Kwananmu biyar da ƙetare Binuwai muka iso bakin wani tafki da la'asar. Ruwan shuɗi ne shar, furen bado ya rufe gefensa, balbelu sun yi fari a kan itatuwa. Bature yana ganinsa ya diro daga doki ya tsaya kamar an dasa shi.

Ni kuwa ƙasa na kalla, na ga sawu manya-manya sun fito daga ruwa.

Bobbo ya ƙare mini kallo.

"Ke ce madugu ko Baba?"

"'Yarsa ce ni, Karimatu. Je ka tambaye shi."

Baba Dawuda yana kan jakinsa, ya gyara murya ya ce, "Hanyar dorina ce, ɗana. A hau tudu."

Aka hau tudu. Kafin rana ta faɗi sai ga su su huɗu sun fito kiwo, suka bi ta daidai inda aka so kafa tantin. Bature ya yi ta dariya yana zana su a takarda.

Wannan mutum ya ɗaure mini kai. Mu fatake mukan ya da zango inda akwai kasuwa, ko rijiya, ko ciyawar dabbobi. Shi kuwa in wuri ya yi masa kyau, shi ke nan, a sauke kaya. Ya kafa kujera ya zauna yana kallon ruwa har shayinsa ya huce.

Washegari ina wanke tukwane Bobbo ya zo ɗiban ruwa, na kasa haƙuri.

"Wai me yake nema ne? Zinariya?"

"Taswira yake yi. Yana sa duwatsu da koguna a takarda."

"In ya sa su sai su zama nasa?"

Ya tsoma tulunsa a ruwa.

"Haka suke gani... Ni ma ina da tambaya, 'yar madugu. Me ya sa bakinki ba ya hutawa a hanya?"

Na ci gaba da dirzar tukunya.

"Surutu ne da ni. Laifi ne?"

"A'a. Sai dai na lura, in kika ce 'Baba ka ga dutsen can na hagu, kamar tozon bijimi', nan take sai ya ɗaga sanda ya ce a bi dama."

Tukunya ta suɓuce daga hannuna.

Shekara biyu ke nan da yanar ido ta rufe wa Baba gani. Haske da duhu kawai yake bambantawa. Innata ta rasu, ni kaɗai gare shi, kuma shekara talatin yana jan ayari a wannan ƙasa ba a taɓa cewa ya ɓatar da mutum ba. Hanya tana cikin kansa, ni nake faɗa masa inda muke. Na riƙe igiyar jakinsa ina hira, mutane suna cewa shagwaɓa ce ta 'yar tilo.

"Don Allah..." na ce. "In Bature ya ji, a gaban 'yan dako zai wulaƙanta shi."

"Me zai ji?" Bobbo ya tsamo tukunyar ya miƙo mini. "Ni abin da aka faɗa nake fassarawa. Ba wanda ya faɗi komai."

Daga tafkin muka shiga kurmi. Ban taɓa ganin itatuwa irin waɗannan ba, rana ba ta taɓa ƙasa sai ɗigo-ɗigo. Birai baƙaƙe masu farar jela suna bin mu ta sama. Muka yi zango kusa da wani rafi mai sanyi kamar ruwan randa, Bature ya ce kwana uku za a yi, yana son ya tsinci ganyaye ya matse su cikin littafi.

A nan na fara jiran takun Bobbo ba tare da na sani ba. Ya koya mini "ruwa" da "wuta" da harshen Bature, na yi ta dariya har cikina ya ƙulle. Ya ba ni labarin tsohuwarsa da ke sayar da nono a Garwa. Wata rana ya ɗaga mini gefen tanti na leƙa: gado mai naɗewa, fitila, da hoton wata mata mai siririn hanci.

"Matarsa ce?"

"Ita ce. Shekararsa uku bai gan ta ba."

"Ya bar matarsa ya zo kallon birai?"

"Ni ma abin da na kasa fassarawa ke nan."

Ranar tashi na taka ƙaya, ƙafata ta kumbura suntum. Aka ɗora ni a kan jakin kaya can bayan ayari. Hankalina ya tashi, don gaba akwai mararraba. Ina hawaye sai na jiyo muryar Bobbo daga gaba, da ƙarfi.

"Baba Madugu, wannan ƙatuwar kukar da tsawa ta raba biyu, tun yaushe take nan?"

"Tun ina saurayi," in ji Baba. "A bi hagu!"

Na rufe fuskata da mayafi. Ranar na san na shiga uku, don zuciyata ta riga ta tafi.

Zangonmu na ƙarshe kafin Tinyer a kan dutse ne. Sanyi, iska, ciyawa koriya har gwiwa, gajimare yana wucewa ta ƙasanmu kamar garken tumaki. Da hantsi Bature ya tafi harbi, Bobbo ya kira ni wajen madubin hangen nesa da ke kafe a kan ƙafa uku.

"Rufe ido ɗaya. Duba nan."

Na duba, na yi tsalle baya.

"Wayyo! Shanu a cikin ƙarfe!"

"Suna can ƙasan kwari, tafiyar yini guda."

Na sake dubawa. Har wata Bafulatana na gani da ƙwarya a ka, tana tafe ba ta san ina kallonta ba.

"Karima," ya ce a hankali. "In mun koma Garwa zan turo baffana wajen Baba."

Ban ɗago ba.

"Kada ka turo."

"Ba kya so na?"

"Ka san ba haka ba ne!"

"To mene ne, sanyin idona?"

"In na tafi ɗakinka wa zai riƙe masa igiya? Ranar da ya daina jan ayari ranar zai fara mutuwa, Bobbo. Na san shi... Ka nemi wata."

"Zan jira."

"Har yaushe? Har ya mutu? So kake in zauna ina ƙirga kwanakin ubana?"

Na juya da gudu ina kuka. Bayan dutsen da muka tsaya kusa da shi na tarar da Baba zaune a kan buzunsa yana shan hantsi, carbi a hannu. Na wuce, ban tambaye shi ko ya ji mu ba.

Da azahar Bature ya dawo da fara'arsa, ya sa aka kira madugu gaban tanti. Ya shimfiɗa babbar takardarsa a tebur, yana son a faɗa masa sunayen tsaunukan da ya zana. Na matso kusa da Baba don in yi masa raɗa.

Baba ya ɗaga hannu.

"Koma baya, uwata."

"Baba..."

"Na ce koma." Ya juya wajen da ya ji numfashin Bobbo. "Ɗana, faɗa masa abin da zan faɗa, kada ka rage ko kalma. Ka ce ba na ganin takardarsa. Ka ce shi kansa ban taɓa ganin fuskarsa ba. Makaho ne ya kawo shi nan."

Bobbo ya dube ni, idonsa ya kaɗa.

"Baba Madugu, ka bari mu isa Tinyer..."

"Fassara!"

Ya fassara. Fuskar Bature ta yi ja kamar gauta. Ya kaɗa hannu a gaban idon Baba, Baba bai ƙifta ba. Ya daka wa Bobbo tsawa, ba sai an fassara mini ba, tambayarsa yake ko ya sani.

Bobbo ya miƙe sosai ya amsa da kalma ɗaya, cewa ya sani. Bature ya ɗauki bulalar dokinsa ya zabga masa a kafaɗa, sau biyu. Na yi ƙara. Bobbo ko motsi bai yi ba.

"Ka ƙara masa da wannan," in ji Baba, muryarsa ba ta rawa. "Kwana goma sha tara, ba a rasa mutum ba, ba a rasa jaki ba. Tsaunin da ke gabas, wanda iska ke zuwa daga gare shi, zan faɗa masa sunansa in yana so. Kyauta."

Bature ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya jefar da bulalar, ya zauna, ya ɗauki alƙalami. Baba ya lissafa masa tsaunuka bakwai ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta. Da ya gama ya ce a Tinyer zai nemi wani ja-gora, da wani tafinta.

Da muka koma bukkarmu na faɗi a ƙafafun Baba.

"Me ya sa? Baba me ya sa ka yi haka?"

Ya lalubo kaina ya dafa.

"Ina jin ki ɗazu. Ni na ɗauka taimakona kike yi, ashe ɗaure ki na yi da igiyar jaki."

"Ni ban gaji ba!"

"Na sani. Shi ya sa ni na gaji a madadinki." Ya yi murmushi, hawaye na bin gemunsa. "Yaron nan ya sha bulala saboda ni bai ce uffan ba. Kira mini shi."

A Tinyer aka ɗaura mana aure, ranar Juma'a, a zauren wani mahauci tsohon abokin Baba. Wani dillalin shanu ɗan garin su Bobbo ya tsaya masa a matsayin waliyyi. Matan gidan suka yi mini lalle, suka cika ni da nono da zuma. Da aka kai ni ɗaki Bobbo ya kasa ɗaga hannunsa na dama saboda ciwon kafaɗa, da hagu ya buɗe mini mayafi, muka yi ta dariya kamar yara.

Bayan mako guda muka bi ayarin masu shanu zuwa gida. Ba Bature, ba tanti, ba aikin yi a gabanmu sai abin da Allah ya kawo. Bobbo ya karɓi igiyar jakin Baba. Ni kuwa na tafi a gefensu hannu sake, na rasa inda zan sa shi.

Muna sauka gangaren farko Bobbo ya juyo yana kallona, ya manta da hanya, jaki ya nufi cikin ciyawa.

Baba ya ɗan buga masa sanda a ƙeya.

"Dama, surukina, dama! Ku masu idon nan ban san me kuke kallo ba."