Wadda Ta Riga Mai Rakiya Zuwa

Rana na gab da faɗuwa Mai Rakiya ta fara sa ƙafa a gidan wani direba. Ita ba ungozoma ba ce, ba ta karɓar haihuwa. Aikinta ta zauna da mai ciki, ta raka ta awo, ta koya mata yadda za ta ja numfashi in naƙuda ta taso, ta riƙe mata hannu a ɗakin haihuwa, sannan ta taya ta jego. Direban ne ya nemo ta. Motar kaya yake ja, yakan yi sati a hanya, ga matarsa da cikin wata bakwai bayan ɓari biyu, ba uwa ba 'yar'uwa a kusa.

"Ki kula min da ita, Inna," ya ce. "Tsoro ya hana ta ko sayen kayan jariri."

Matar, wadda kowa ke kira Auta, tana zaune a bakin gado. Mai Rakiya ta ɗora kumburarrun ƙafafunta a cinya tana matsawa.

"'Yar nan, ƙafafun wa kika aro? Waɗannan ai na giwa ne."

Auta ta yi dariya. Ba ta rufe baki ba dutse ya faɗo a kan rufin kwano. Sai na biyu. Na uku a cikin ɗakin ya sauka, dab da gwiwar Mai Rakiya, alhali taga a rufe take. Ta taɓa shi, ta ji shi da ɗumi.

Daga ranar, duk magariba sai an yi jifa. Jakar Mai Rakiya takan kife da kanta. Wani lokaci takan ji ana jan tsaki a bayan ƙofa, ta leƙa ba kowa. Ta lura abin ba ya tashi sai ta kai hannu jikin Auta. Ta yi tunanin ajiye aikin, amma duk sanda ta ɗauki mayafi sai Auta ta bi ta da ido har ƙofa, sai ta fasa.

A kwana na tara, tana shafa mata baya, Auta ta damƙe wuyan hannunta. Muryar da ta fito ta wata tsohuwa ce.

"Cire hannunki daga jikin 'yata."

Mata da yawa sun zagi Mai Rakiya a tsakiyar naƙuda, ba ta taɓa tsorata ba sai ranar. Ta kira direban a waya, ya juyo daga hanya, washegari bayan la'asar ya zo da wani malami, tsoho mai sanyin murya.

Malam ya zauna a kan tabarma ya fara karatu. Ɗakin ya yi tsit, ko kukan tsuntsu ba a ji daga waje. Can jikin Auta ya sandare, idanunta suka kafe a rufi.

"Wace ce ke?" Malam ya tambaya.

"Ni na rene ta. Tana 'yar shekara tara uwarta ta rasu. Aka bar ta a ɗaki tana kuka, kowa yana waje yana karɓar gaisuwa. Ni na shiga wurinta. Kuna ina a lokacin? Yanzu kun ɗauko bare ta zauna a wurina."

"Ciki biyu da suka zube fa?"

Muryar ta yi ƙasa.

"Tsoro take ji. Sai na rungume cikin don kada wani abu ya same shi. Ban san ƙarfina ba."

Direban ya kifa kai a gwiwa.

"Ku bar ni har ta sauka," in ji muryar. "Ba zan taɓa ba. Kallo kawai."

"Ko magaribar yau ba za ki ƙara ba," Malam ya ce, ya ci gaba da karatu.

Auta ta yi ta murƙususu. Sai kanta ya juyo a hankali wajen Mai Rakiya.

"Ke. Za ki zauna da ita?"

Mai Rakiya ta amsa. "Zan zauna."

"To ki ji. Ba ta son a juya mata baya in tana magana. In ta ce lafiya lau, ƙarya take, ki sake tambaya."

"Na ji."

Auta ta yi atishawa uku, jikinta ya saki.

Bayan wata biyu ta haihu a asibiti da hantsi, mace, Mai Rakiya na riƙe da hannunta tana ƙirga mata numfashi. Jifa bai sake faɗowa ba.

Ranar da wa'adin aikin ya cika, Mai Rakiya ta haɗa kayanta. Auta na zaune tana shayar da jaririyar, tana kallon kusurwar ɗakin.

"Inna, gidan nan ya yi faɗi," ta ce. "Tun ina yarinya, duk ɗakin da na shiga nakan ji kamar da wani a ciki. Yanzu ba kowa. Na san bai kamata ba, amma kewarta nake ji."

Mai Rakiya ta tsaya da jaka a kafaɗa. Wata mai cikin na jiran ta a wata unguwa. Ta ajiye jakar, ta cire takalmi.

"Matsa min in zauna," ta ce. "Ba ni labarin mahaifiyarki."