Saura Wasa Ɗaya

Ranar Lahadi da rana, a ɗakin girkin gidan Considine, Glenys ta dire gasasshiyar cinyar rago a tsakiyar tebur, ta ce yau dai a taimake ta a yi maganar biki, a bar ƙwallo ta huta. Duk wanda ya san mijinta Neville, wato Nev, ya san sauke nauyi kawai ta yi. Mutumin da ya shekara goma sha ɗaya yana shugabantar kulob ɗin ƙwallo na garinmu Wirranda, ga shi jiya-jiyan nan ƙungiyarsa ta samu shiga wasan ƙarshe, ai ko a coci ka zaunar da shi sai ya sako zancen.

"Ɗari da casa'in da tara," in ji Nev, yana yanka nama yana kallon ɗansa Rohan. "Asabar mai zuwa ɗari biyu cif, kuma a fainal. Har na kira mai rubutun allo."

Allon da yake nufi yana rataye a zauren kulob, inda ake rubuta sunan duk wanda ya buga wa Wirranda wasa ɗari biyu, da ruwan zinare. Akwai sunan tsoho Con Considine, mahaifin Nev, akwai na Nev a ƙasansa, kuma shekara da shekaru Nev yana hana a taɓa layin da ke bin nasa. Wasu sun cika ɗari biyun, sai a gefe aka samar musu wuri. Ni mai ba ku labarin nan shekarata ashirin da shida ina soya dankali a kantin kulob, ina kuma da kujera a kwamiti, don haka na san yawan gunagunin da layin nan ya jawo. Shi kuwa Rohan, wanda duk gari ke kira Bijimi, shekarunsa talatin da huɗu, gwiwoyi sun gaji, ya riga ya sanar cewa daga bana ya rataye takalmi.

A ɗaya gefen tebur ƙanwarsa Tamsin ce, nas a asibitin gari, wadda ranar Asabar take duba 'yan wasan da suka ji ciwo. Kusa da ita saurayinta ne, Fergus Nuske, kocin ƙungiya. Ɗan Garrawin ne, garin da muke gaba da shi a fili tun kafin a haife ni. Lokacin da kwamiti ya ɗauke shi shekara biyu da suka wuce, rabin gari sun yi fushi, Nev ne ya tsaya masa kai da fata. Yanzu wa'adinsa ya zo ƙarshe, Litinin ɗin bayan fainal za a zauna a ga ko za a sabunta masa. Bikinsu kuma sai Oktoba, don a Wirranda ba a aure a lokacin ƙwallo. Wanda ya gwada, daga shi sai fasto za su tsaya.

Ana cikin cin abinci Rohan ya tambayi ƙarfe nawa za a take wasan Asabar. Fergus ya ce biyu da kwata. Glenys ta samu ta cusa zancen furanni da kujeru, ba a yi minti biyar ba Rohan ya ɗago kai ya sake yin tambayar nan tasa, kamar bai taɓa yi ba. Tamsin ta ajiye cokali. Ta tuna jiya da ya yi tsalle zai cafe ƙwallo a sama, don irin ƙwallonmu da hannu ake cafewa, gwiwar wani ta same shi a ƙeya, ya faɗi, ya tashi, ya kore ta da hannu tun kafin ta ƙaraso.

Da Rohan ya fita baranda ta bi shi.

"Yaya, wa ya ci gol ta ƙarshe jiya?"

Ya yi dariya, ya sosa kai, dariyar ta ɗauke. Shi da kansa ya ci ta, kuma bai tuna ba.

Ƙa'idar gasar a fili take: wanda ya bugu a kai har ƙwaƙwalwa ta girgiza, sati uku ba ya shiga fili. Amma sai mai duba 'yan wasa ta cike takarda, koci ya sa hannu, sannan a aika wa hukumar gasa. In ba a cike ba, babu wanda ya ga komai. Tamsin ta cike tata da yammacin ranar, a kan teburin da aka ci ragon.

Nev bai yi ihu ba, ba halinsa ba ne. Ya zauna kusa da ita ya ce ta bar takardar a aljihun tebur zuwa Lahadi mai zuwa, kwana bakwai kacal. Ya ce a zamaninsu ruwan sanyi ake watsa wa mutum ya koma fili, kuma kakanta Con ya taɓa gama wasa da kai naɗe da tsumma, har yau ana ba da labarin.

"Baba, ka yi haƙuri," ta ce. "Duk abin da ka ce in yi maka zan yi, ban da wannan."

Washegari Nev ya sami Fergus a fili yana jera ƙwallaye. Ya ce ba ya neman abu mai yawa: a sa Rohan a benci, a shigar da shi minti biyar, ya tsaya can nesa da turmutsutsu, a fitar da shi. Da zarar ƙafarsa ta taka fili an ƙirga wasan. Fergus ya saurare shi har ƙarshe, don yana ganin girmansa ƙwarai.

"Nev, ka san Bijimi fiye da ni. In ƙwallo ta taso sama, akwai mai riƙe shi? Minti ɗaya ma ya isa."

"Ni na kawo ka garin nan."

"Ban manta ba, kuma ba zan manta ba."

"To ka tuna akwai zama ranar Litinin. Ka kuma tuna ni ake jira in riƙo hannun yarinyar nan in shigo da ita coci. In ka sa hannu a takardar nan, ku nemi wani."

Fergus ya sa hannu a ranar. Da ya gaya wa Tamsin yadda suka yi, ta yi kuka mai isarta a cikin motarsa, don duk duniya babu wanda take so ya raka ta ranar aurenta kamar mahaifinta. Da ta share fuska ta roƙe shi abu ɗaya: duk abin da Nev zai faɗa, kada ya mayar masa.

Alhamis da yamma, bayan atisaye, gari ya cika zauren kulob kamar kullum. Aka ci soyayyar kaza da dankali, sannan koci ya miƙe da takardarsa ya fara karanta sunayen waɗanda za su buga, daga masu tsaron baya zuwa gaba, kowane suna a buga tebur. Da ya iso gurbin gaban sandunan gol, inda Rohan ya shekara goma sha biyar yana tsayawa, sai ya kira wani suna daban. Babu wanda ya buga tebur. Ina jin ƙarar man da ke tafasa a bayana. Nev ya tashi ya ɗauki hularsa ya fita, Rohan kuma ya sunkuyar da kai yana juya cokali a faranti.

Ranar Asabar aka cinye mu da maki huɗu. A irin ƙwallonmu gol ɗaya maki shida ce, kuma babu wanda bai yi wannan lissafin ba tun kafin ya kai motarsa. Da Bijimi na ciki, in ji kowa, da kofin yana Wirranda. Wasu suka ce daman me ake tsammani daga ɗan Garrawin. A kantin kulob, matan da muke aiki tare suka daina amsa gaisuwar Tamsin, ita kuwa ta sa rigar aiki ta taya mu wanke tukwane har muka gama. Lahadi ta tafi gida cin abinci kamar yadda ta saba, ta zuba wa mahaifinta shayi, ya ture kofin gefe. Ta ɗauke, ta sake haɗa wani.

A ranar ne mutanen Garrawin suka kira Fergus suka ce ya dawo gida, kujerar koci na jiransa. Ya gaya wa Tamsin cewa in tana so su tafi, a ɗaura auren a can, babu mai harararsu.

"In muka tafi yanzu, Baba ba zai taɓa samun hanyar dawowa ba," ta ce. "Mu jira Litinin. In sun kore ka, sun kore mu tare."

Litinin da safe Nev da Rohan suka fita mayar da tumaki wani shinge. Rana ta ɗan yi zafi. Nev yana riƙe da ƙofa sai ya ji ɗansa yana kiran kare: "Dusty, zagayo! Dusty!" Karen bai ko waiwaya ba, don sunansa Moss. Dusty ya mutu shekara tara da suka wuce, Rohan ɗin ne ma ya haƙa masa rami a gindin bishiya. Ya kira har sau uku, sannan ya tsaya yana kare ido da hannu, ya zauna a ƙasa ya ce haske na sara masa kai.

Ƙarfe biyar na yamma kwamiti ya zauna a ƙarƙashin allon nan. Mu takwas ne masu ƙuri'a, shugaba ba ya jefawa sai an yi kunnen doki. Huɗu suka ce a sabunta wa Fergus, huɗu suka ce a sallame shi. Ba zan ɓoye muku ba, ina cikin masu cewa a sallame shi, don maki huɗun nan sun tsaya mini a wuya. Duk muka juya ga Nev, kowa ya san inda zai faɗa.

Ya ɗaga kai ya kalli allon. Ya ba mu labarin karen. Sannan ya ce akwai abin da bai taɓa faɗa a zauren nan ba, ko da yake tsofaffin cikinmu sun gani da idonsu. Shekarun ƙarshe na tsoho Con, shi yake kawo shi kallon wasa, ya zaunar da shi a wannan kujerar. Wata rana ya nuna masa sunansa a allo, tsohon ya duba, ya duba, ya ce wane ne wannan. Daga baya har Nev ɗin kansa tsohon ke tambaya ko shi ɗan gidan wa ne.

"Kullum labarin tsumman nake ba ku," ya ce. "Wannan ban taɓa ba ku ba. Ni ba likita ba ne, ban san me ya jawo masa ba. Amma yau da safe na ji muryarsa a bakin ɗana. Mutum biyu ne a garin nan suka so Rohan fiye da allon nan, kuma ba na cikinsu." Ya ɗaga hannu. "Shekara uku nake so a ƙara wa Fergus."

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Daga zauren bai zarce gida ba, asibiti ya nufa, ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu har Tamsin ta tashi daga aiki. Glenys ce ta ba ni wannan ɓangaren. Ta ce ya yi ta kame-kame, ya yi zancen ruwan sama, ya yi zancen alkama, can dai ya tambaya ko har yanzu ana neman mai rakiya ranar biki.

"Ban nemi wani ba, Baba," ta ce. "Ban ma yi niyya ba."

Aka yi biki a Oktoba, kafin girbi. Nev ya shigo da ita coci yana share ido yana cewa ƙurar furanni ce. A wajen walima ya riƙe hannun Fergus ya ce har yanzu dai ɗan Garrawin ne, amma za a yi haƙuri da shi.

Rohan ya ɗauki kusan wata biyu kafin kansa ya washe. Likita ya duba shi ya sake dubawa, sannan ya ba shi izini. Ya ɗage ritayarsa da wasa ɗaya tak. A watan Afrilu, wasan farko na sabuwar kakar wasa, ya shiga fili ta cikin babban ƙyallen taya murna da muka kwana uku muna haɗa masa, ɗauke da 'yarsa a kafaɗa. Da Garrawin muka buga, ya ci gol biyu, aka ɗauko shi a wuya aka fito da shi. Tun daga ranar, in ɗan wasa ya bugu a kai, muryar Nev ake fara ji daga bakin fili yana cewa a fitar da shi.

Ku 'yan mata da samari, abin da na koya da tsufana ke nan. Wani lokaci son ɗan'uwa shi ne ka hana shi abin da ya fi so, ka jure fushin gida, ba ka rama ba, ba ka kuma gudu ba. Tamsin da Fergus sun ƙi bin umarnin Nev sau ɗaya, amma ba su daina girmama shi ko na yini ɗaya ba, shi ya sa da ya juyo ya tarar da su a inda ya bar su.

Sunan Rohan yana nan a layinsa, ƙasan na mahaifinsa. Ya makara da wata bakwai. Amma jiya na ga mai sunan tsaye a gaban allon, ya ɗaga 'yarsa sama, yana karanta mata shi da bakinsa.