Mai Walda da Malamin Yara

"Ke ce wadda ɗana ya nace wa?"

Na ɗaga gilashin walda daga fuskata. Mahaifiyar masoyina ce tsaye a ƙofar shagona. A bayanta ga 'yar ƙanwarta, wadda ta daɗe tana son sa, tana murmushin mugunta.

Na durƙusa. "Sannu da zuwa, Mama..."

"Dubi hannunki kamar bayan kada! Shi namiji yana makaranta yana share wa yara majina, ke mace kina dukan ƙarfe. Wane irin gida za ku yi? Ki zaɓa, shagon nan ko ɗana."

Ranar na rufe shago.

Sati biyu ina ɗaki ina shafa wa hannuna mai. Dariya ta ɗauke, abinci ma sai an matsa mini.

Da masoyina Malam ya zo, ya daɗe yana kallona.

"Rabin raina, wa ya rasu?"

"Zama mace nake koya," na ce, hawaye suka zubo.

"Da can ke mece ce? Ni wadda ta haɗa wa ɗalibaina lilo tana waƙa nake so. Tashi mu je!"

A gaban mahaifiyarsa ya zauna, kansa a ƙasa.

"Mama, kin tuna shekarar da na bar koyarwa na bi manyan motoci, don kawai a ce ni namiji ne? Da kika ga yadda na rame, ke da kanki kika ce in koma wurin yarana. Dube ta."

"Inna, kar ki yarda..." in ji 'yar ƙanwar.

"Rufe mini baki!" Mama ta daka mata tsawa.

Ta juyo ta ɗago haɓata, idonta ya kawo ruwa.

"Ni na mayar da ke haka? Je ki buɗe shagonki, 'yata. Amma da sharaɗi."

"Wane sharaɗi, Mama?" na ce.

"Ƙofar gidan nan ta shekara a karkace, maza uku sun kasa gyara ta."

Washegari na iso da kayan aikina. Malam ya riƙe mini ƙarfe yana tsalle duk lokacin da wuta ta yi tartsatsi, ni kuwa dariya har da riƙe ciki.

Saura wata biyu a ɗaura mana aure, amma da maƙwabta suka taru kallo, Mama ta gyara mayafi ta ɗaga murya.

"Ku matsa, ku ba surukata wuri!"