Mai Ganga a Gonar Wake

A wani zamani can baya, an yi wani manomi da ya tsani tambaya. Kome aka nuna masa sai ya ce, "Ai na sani!"

Wata shekara ƙwari suka far wa waken gari, amma gonar wani tsoho maƙwabcinsa ta yi kore shar. Manomi ya leƙa, ya ga tsohon zaune yana kaɗa gurmi a hankali.

Tsoho ya ce, "Zo, ɗana, in nuna maka yadda abin yake."

"Ai na sani, Baba! Kiɗa ne kawai."

Ashe ƙwarin nan da girgiza reshe suke kiran juna aure. Tsoho ya ɗaura zare daga gurminsa zuwa rassan wake. In ya kaɗa sai rassan su ɗauki rawa, namijin ƙwaro ya yi ta kira, mace ba ta ji. Ba aure, balle ƙwai.

Manomi ya ce a ransa, "In ɗan gurmi ya yi haka, ina ga ganga?" Ya aro ƙatuwar ganga, ya tsaya tsakiyar gonarsa, ya yi ta duka.

Mutanen gari suka ɗauka biki ne. Suka zo, manya da yara, suka yi ta rawa a kan wake har ya kwanta. Ƙwari kuwa ko gezau.

Da aka watse, tsoho ya leƙo. "Ɗana, ka san..."

Manomi ya zauna a kan ganga, ya ce, "Ban sani ba, Baba. Faɗa mini."