Tayar da Suhaibu Ya Tsayar

Saƙon magani kawai Inna Ikilima ta ba ɗanta Suhaibu ya kai wa ƙanwarta, a wani ƙauye da ke gefen hanyar Dutsi. Har ƙofar gida ta biyo shi tana ja masa kunne: "Ka dawo kafin magariba, ka ji? Ban son hanyar nan da yamma." Ya ce to, ya tayar da babur. Amma hankalinsa ba ya wurin.

Suhaibu mai zanen gem ne, irin wanda ake bugawa a waya. Faɗin wannan sana'a kuwa a zauren gidansu jan magana ne. Baffanninsa dariya suke masa, ƙato da gemu yana zanen yara, alhali sa'anninsa na fataucin dabbobi har Nijar. Ya haɗiye duk wannan, don yanzu ya samu aiki na gaske. Wani Mahdi daga Kano ya ba shi zanen gem ɗin tseren babura.

Komai ya yi kyau, taya ce kaɗai ta ƙi. Shi aikin nan hoto ne bayan hoto, ana sauya su da sauri har ido ya ɗauka motsi ne. In ya zana siraran ƙarafan cikin tayar ɗaya-ɗaya, sai ta riƙa tsalle kamar mai komawa baya. In ya shafe su ya bar dishi-dishi, sai ta zama faranti. Da safiyar ranar Mahdi ya kira shi. "Malam, babur ɗin nan naka zamewa yake kamar da igiya ake jan sa. In abin ya fi ƙarfinka ka faɗa min, akwai wani." In aikin nan ya kuɓuce, da wane ido zai dubi mutanen zaure?

A ƙauye ƙanwar Inna ta tsare shi da fura da hira. Ko da ya kamo hanya, rana ta riga ta faɗa bayan gero.

A tsakanin gonaki, inda babu gida ko ɗaya, babur ya yi tari ya mutu. Ya buga, ya sake bugawa, shiru. Warin fetur da na ɗanyar ƙasa suka cika masa hanci. Can nesa wani ladan ya fara kiran salla, iska na yanke muryar.

Sai ya ji wani sauti. Sirrrr. Siriri, ba yankewa.

A gindin wata kuka, an kifa tsohon keke, ƙafafunsa a sama. Wani tsoho na tsugune a gabansa, rawani ya rufe masa fuska, kansa a ƙasa. Tayar baya tana juyawa da gudun da Suhaibu bai taɓa gani ba. Hannun tsohon kuwa duka biyun suna kan gwiwoyinsa.

Mai hankali da ya yi ta'awizi ya tura babur ya wuce. Amma Suhaibu taya ya gani, wallahi taya kaɗai. Ko sallama bai yi ba ya matsa ya durƙusa.

Ga abin da ya sha wahalar nema. Bakin tayar baƙi wuluk. Cikinta fari-fari kamar hayaƙi, ana hango karan gero ta ciki. Ga kuma wani ɗan ƙyalli ɗaya yana tafiya a hankali, yana komawa baya, shi ne ke gaya wa ido cewa gudu ake.

"Kalli," in ji tsohon, murya ƙasa-ƙasa. "Kallo ba laifi."

Wani wari ya taso, kamar na gashin da ya ƙone.

"Baba, ƙarafan nawa ne a ciki?"

"Ba a ƙirga su."

"Ɗan tsayar min da ita in gani."

"Ba a tsayar da ita, yaro."

To, masu irin aikinsa haka suke. Ba sa yarda sun fahimci motsi sai sun tsayar da shi sun duba hoto ɗaya. A kwamfuta maɓalli ake dannawa, hannunsa ya saba. Kafin ya yi tunani, tafinsa ya sauka a kan robar.

Sanyi ƙalau take, kamar randa.

Ta tsaya cak.

Kiran salla ya yanke. Gyare suka yi shiru. Ganyen gero da iska ta kwantar ya tsaya a kwance.

Tsohon ya ɗago kai a hankali.

Babu baki a fuskar, babu hanci. Idanu biyu ne manya, kuma su ne ke juyawa yanzu. Sirrrr.

"Tun ba a haifi kakanka ba take tafiya," muryar ta fito daga cikin kukar. "Kai ka so ka gan ta a tsaye."

Suhaibu ya buɗe baki zai ja Ayatul Kursiyyu, harshe ya ƙi ɗaguwa.

"To, ka gani."

Hannu ya miƙo, dogo, yana ta ƙara tsawo. Yatsa mai sanyi ya shafi fatar idonsa.

"Innalillahi!" Kalmar ta fito da ƙyar. Ya faɗi da baya, ya rarrafa, ƙaya na shiga tafinsa. Ya cafki babur ya tura da gudu. Injin ya kama, ya haye. Bai waiwaya ba.

Sautin na bin sa, daf da ƙeya.

Ya sunkuya ya dubi tayar gabansa. Hanya na gudu a ƙarƙashinta, iska na dukan fuskarsa, amma ita a tsaye take. Kowane ƙarfe yana ganin sa tar.

Haka ya shiga garinsu Daura, ya faɗi a tsakar gida.

Ya yi jinya. Malamai suka yi ruƙiyya, ya sha rubutu har ya gaji. Likitan ido a Katsina ya duba ya ce lafiyarsa ƙalau. Lafiya ƙalau! Fanka na ba shi iska, shi yana ganin fikafikanta a sandare. Mota ta taho, tayoyinta a tsaye, bai san gudunta ba sai ta iso. Ya daina hawa babur, titi ma sai an riƙe masa hannu.

Tayar kuwa ya zana ta daga abin da ya tuna: baƙin baki, farin hayaƙi, ɗan ƙyallin nan mai komawa baya. Ya aika ba tare da ya iya gwadawa ba, don hotunan sun daina haɗe masa. Mahdi ya kira yana ihun murna, ya ce ga wani aikin ma, babba. Suhaibu ya ce ba zai iya ba, ya kashe wayar. Baƙin ciki kamar ya kashe shi. Abin da ya nema ya samu, kuma shi kaɗai ne a duniya ba zai gani ba.

Ranar da gem ɗin ya fito, ya kai wa Inna Ikilima wayar har ɗakinta. Ta karɓa ta nisanta ta da ido, ta yi ta kallo.

"Ikon Allah! Kai ka yi wannan, Suhaibu? Kamar in miƙa hannu ta yanke ni!"

Ya leƙa ta kafaɗarta. Hoto ne ɗaya, a daskare.

"Inna," ya ce a hankali, "don Allah gaya min gaskiya. Tana juyawa?"

Ta juyo za ta yi dariya, sai ta ga fuskarsa. Ta kife wayar a kan tabarma, ta ja bakin mayafinta ta rufe ido.