Tauraro Biyu a Tagar Verlene

Ranar Talata ce da hantsi, Verlene Tackett tana shanya a bayan gida, mota ta tsaya a ƙofa. Maza biyu suka fito cikin kaki, an goge shi har yana ɗaukar ido. A garin Laurel Fork babu wanda bai san abin da wannan ke nufi ba. Sai da ta gama rataye rigar da ke hannunta sannan ta zagayo. Suka ce ko za ta zauna. Ta ce ta fi jin magana a tsaye. Coy, ɗanta na fari, mai shekara goma sha tara, ya rasu a bakin daga.

Kafin la'asar gida ya cika da tukwanen maƙwabta. Na ƙarshen zuwa wani dogon saurayi ne, ɗauke da tukunyar wake, farcensa baƙi ƙirin da man inji. Lacey, ƙanwar Coy, ce ta buɗe masa.

"Kakata ta ce a kawo. Ni ne Garrett Ratliff, na garejin bakin gada. Tare muka yi ƙwallo da Coy."

"Na san ka," in ji Lacey. "Kai ne mai yawan faɗuwar nan."

"Ni ne."

Ta yi wata 'yar dariya da ta juye kuka nan take. Ya tsaya riƙe da tukunya mai zafi, bai ajiye ba, har ta share fuskarta. Verlene ta gani daga kicin. Ba ta ɗauke shi a bakin komai ba a ranar.

Bayan jana'iza ta sauke ƙyallen da ke rataye a tagar falo, mai shuɗin tauraro, wanda gida ke sawa in nasu yana cikin soja. Ta rataya mai tauraron zinariya, na gidan da nasu bai dawo ba. Shuɗin ta ninke ta saka a durowa, ƙarƙashin tawul.

Garrett ya dawo karɓar tukunya. Sati na zagayowa ya dawo duba famfon da ke ɗiga. Daga nan injin yankan ciyawa, daga nan birkin mota. Cikin shekara biyu babu abin da ya rage a gidan da bai kwance ya mayar ba.

"Yaron nan zai fara lalata mana kaya da kansa don ya samu na gyarawa," in ji Verlene.

"Ai ya fara, Mama," in ji Lacey. "Wa kike tsammani ya sassauta ƙofar firij?"

Lacey tana aiki a gidan kula da tsofaffi. In ta dawo sai ta zauna a baranda da waya, tana murmushi ita kaɗai. Wani lokaci takan karanta wa uwarta saƙon Garrett.

"'Yar Barkono, yau na wanke hannuna sau huɗu saboda ke. Har yanzu baƙi ne. Ki yi haƙuri, haka za ki karɓe su."

Ita kuma ta mayar masa: "Baƙin Mai, bar su haka. Da su nake gane ka a coci."

Verlene ba ta hana ba. Mijinta ya daɗe da rasuwa da ciwon huhun masu haƙar kwal, ta kuma san darajar namijin da ke dawowa gida kullum da yamma.

Sai aka rufe mahaƙar kwal ta ƙarshe a yankin. Manyan motocin da ke ciyar da garejin bakin gada suka daina zuwa. Wata Lahadi bayan coci, ana cin kaza da burodin masara, Garrett ya ajiye cokali.

"Mama Verlene, magana biyu na zo da su. Ina son auren Lacey. Kuma zan shiga soja."

Verlene ta ci gaba da yanka burodi.

"Ta farko na ji. Ta biyu ta cinye ta."

"Mama!"

"Ki yi shiru. Na ba su ɗa. Ba zan ba su 'ya ba. Ci abincinka, Garrett, ba da kai nake faɗa ba."

Ya ci, don an ce ya ci. Da zai tafi ya tsaya ya ɗaure hannun ƙofar da ke lilo, sannan ya wuce.

A kwanakin ne Verlene ta fara gayyatar Preston Combs cin abinci. Ɗan mai gidan shirya gawa ne, mai ladabi, kullum da taye a wuya. Ba zai taɓa barin Laurel Fork ba, aikinsu kuma ba ya yankewa.

"Me ya yi miki?" in ji Verlene bayan ya tafi. "Ko miya bai zubar ba."

"Mama, mutumin nan in ya kalle ni sai in ga kamar tsawona yake aunawa."

Verlene ta juya baya don kada a ga bakinta ya motsa.

Shi kuwa Garrett sai ya yi wuyar gani. Saƙonsa ya gajarce. Wata mata a coci, wadda ba a taɓa tambayarta labari ba amma ba ta taɓa rasa shi ba, ta ce ta ga Garrett da sassafe a filin makaranta yana gudu da wata mace, ta kuma gan su a laburare kai da kai. Lacey ta rubuta masa:

"In ka samu wata, ka faɗa min da bakinka. Ni ba mota ba ce da za ka bari a bayan gareji ciyawa ta rufe."

Amsar ba ta daɗe ba.

"Sajan Benally ce, ta ofishin ɗaukar soja. Ta haife ni, kuma ta fi ni gudu. Mu shida take horarwa. Na yi gwajin jarrabawarsu na faɗi a lissafi, kunya ta hana ni gaya miki. Ke kaɗai ce, 'Yar Barkono. Ko injin mota ban taɓa kallo yadda nake kallonki ba."

"Wawa," ta rubuta. "Lissafi ne ya sa ka ɓoye min? Kawo littafin."

Daga ranar, kullum in ta tashi aiki, suna zaune a baranda tana ja masa tambayoyi. Verlene tana jin su ta taga. Ba ta kore shi ba, ba ta kuma kai musu shayi ba. Wata rana Lacey ta shigo ta tsaya a bakin kicin.

"Mama, na kai shekarun da zan je kotu a ɗaura ba tare da kowa ba. Amma ba zan yi ba. In ba ki sa albarka ba, zan zauna. Sai dai ki sani zama kawai zan yi."

Verlene ta wanke kofi ɗaya sau uku.

Garrett ya ci jarrabawa. A ɓangaren injina makinsa ya yi sama sosai, har aka buɗe masa ayyuka da yawa ya zaɓa. Ya zo da takardar ranar Alhamis da rana, ya wanke hannu, ya sa riga mai maɓalli. Jibi zai tafi birni a duba lafiyarsa, ya zaɓi aiki, ya sa hannu.

"Wanne za ka ɗauka?" in ji Verlene.

"Na Coy. Masu bindiga, na gaba."

Lacey ta runtse ido. Verlene ta ja kujera ta zauna, ta nuna masa ɗayar.

"Zan gaya muku abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Coy yana da shekara sha bakwai lokacin, sai da sa hannuna. A kan teburin nan aka shimfiɗa takardun. Ni karatu yana min wuya, sai na bi da yatsa, ga baƙo cikin kaki yana jira. Na ji kunya. Na tambayi Coy wane aiki ne, ya ce direba, Mama, tuƙi kawai. Ya san in ya faɗi gaskiya ba zan sa ba. Na sa. Sai a wurin jana'iza na ji sunan aikinsa daga bakin mutane."

Ta juyo ga Garrett.

"Kai ba ka buƙatar sa hannuna. Amma 'yata kake nema. To, za ka karanta min takardar nan da ƙarfi, layi bayan layi, kada ka tsallake ko ɗaya."

Ya fara karantawa. Masu bindiga. Masu igwa. Masu tace ruwan sha. Masu gyaran janareta. Muryarsa ɗaya, kamar mai karanta sanarwar coci. Da ya kai kan masu gyaran jirgi mai saukar ungulu sai ya rage sauri. Ya karanta bayanin, ya koma ya sake karantawa, ya ƙara da abin da ba a rubuta ba: yadda ake kwance injin, yadda ƙusa ɗaya in ta saki take iya kayar da mutum goma sha ɗaya. Hannunsa na dama yana murɗa iska a kan tebur bai sani ba.

"Dubi hannunka," in ji Verlene.

Ya duba, ya janye shi ƙasan tebur.

"Me ya sa kake son na Coy?"

Garrett ya ce, "Tare muka shirya tafiya. Kakata ta kwanta ciwo, na zauna. Shi ya tafi."

"To, ji nan. Ramin da Coy ya bari nawa ne, kuma ba girmanka ba ne. Ko ka shiga ba za ka cike shi ba, sai dai ka haƙa wa Lacey nata."

"Mama Verlene, ba zan yi miki abin da Coy ya yi ba. Bakanike ma ana tura shi can. Ana iya harbinsa kamar kowa."

"Na sani. Ban ce ka ɓuya ba. In za ka je, ka je da abin da Allah ya sa a hannunka. Ka je birni ka zaɓa. Duk wanda ka ɗauka, ka dawo teburin nan ka karanta min sunansa na gaskiya. Daga nan zan faɗi tawa."

Ranar Asabar da azahar wayar Lacey ta yi ƙara. Ta karanta, ta miƙa wa uwarta. Verlene ta sa tabarau, ta bi da yatsa, kalma bayan kalma, ba wanda ya hanzarta ta.

"'Yar Barkono, na sa hannu. Gyaran jirgi mai saukar ungulu, shekara shida. Ba don tsoron Mama ba, ko da yake ina tsoronta. Da aka nuna min hoton injin sai na ji yunwa. Ki gaya mata ina tafe da takardar."

Ya zo da ita washegari, ya karanta shafi bayan shafi, har da ƙananan rubutun ƙasa. Kazar ta huce a kan tebur. Da ya gama, Verlene ta tashi ta mayar da ita kan wuta.

"Sai ku je ku ga fasto," ta ce. "Ni ban iya ɗinkin gaggawa ba, a ba ni sati uku in ɗinka rigar amarya."

An ɗaura auren a ƙaramin cocin kan tudu, saura kwana tara ya tafi horo. Preston Combs ne ya kawo rumfa da kujerun ninkewa daga gidansu, kamar yadda suke ba kowane biki aro, ya jera su da kansa, ya yi wa ango murna da hannu biyu. Sajan Benally ta zo cikin kayan gida, ta ce wa Lacey ta riƙa hana shi burodi. Kakar Garrett ta kawo wake a tukunyar nan dai. Da fasto ya tambayi wa ke ba da amarya, Verlene ta miƙe.

"Ni. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa ku tsufa tare har ku gaji da juna. Ya kai ka, ya dawo da kai."

Coci ya amsa da amin. Lacey ta kama baƙaƙen yatsun nan ta saka zobe.

Ranar da motar soja ta ɗauke shi, Verlene ta buɗe durowa ta ciro shuɗin ƙyallen daga ƙarƙashin tawul. Ta goge shi, ta buga ƙusa kusa da na zinariyar. Matar nan ta coci tana wucewa ta tsaya a bakin shinge.

"Verlene, ai wannan na ɗan gida ake sa wa."

"Na sani," in ji Verlene.

Yanzu Lacey tana can wani barikin kudu da mijinta da 'yarsu, suna kira ranar Lahadi. An tura shi waje sau ɗaya, ya dawo. Ana iya sake tura shi. Kullum da safe, kafin ta ɗora ruwan kofi, Verlene takan ɗauki tsumma ta goge tagar falo. Na zinariyar ba ya motsi. Shuɗin kuwa kullum sai ta tarar ya karkace hagu, don ƙusar da ta buga a lanƙwashe ta shiga. Garrett ya ce in ya zo hutu zai canza mata. Ta ce ya bar mata kayanta. Takan sa yatsa biyu ta daidaita shi, sannan ta je ta kunna wuta.